Kwamfutata tana ƙas-ƙas, mai gyara ya ce a yi mata fomatin: in yarda?

Assalamu alaikum. Ni malamar sakandare ce, ina kuma karatun digiri na biyu. Ina da laftof da na saya ta hannu, da ita nake komai a gida. 'Yan makonnin nan ta yi nauyi ƙwarai, sai in kunna ta in je in ɗora girki in dawo ba ta gama buɗewa ba. Wani lokaci ina jin ƙara a cikinta, ƙas, ƙas, ƙas, sai komai ya tsaya cik, can kuma ta ci gaba. Yanzu duk kunnawa sai wani rubutun Turanci ya fito a baƙin allo da kalmar SMART a ciki, sai na danna maɓalli sannan ta wuce. Wasu foldojin ina buɗewa take sandarewa. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ana ɗauke wuta take ɗaukewa. Kwanakin baya ɗana ya ja wayar caja ta faɗo daga kan gado tana kunne, har yanzu ina jin haushinsa. Ƙanin maigidana ya ce bairos ne. Mai gyara ya ce in kawo ya yi mata fomatin ya ɗora sabuwar Windows, za ta dawo garau. A cikinta akwai babi huɗu na kundin bincikena, da sakamakon jarrabawar ɗalibaina, da hotuna da bidiyon mahaifina marigayi, kuma ba ni da su a wani wuri. Akwai kuma hotunan cikin gida da ba na so wani ya gani. In ba shi ya yi fomatin ɗin?

Malama, daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya kai haske kabarinsa.

Kada ki ba da ita a yi fomatin. Nauyin, da ƙarar, da sandarewar, da wancan rubutu na baƙin allo, duk abu ɗaya suke nunawa: faifan da ke ajiye komai a cikin kwamfutar, wanda masu gyara ke kira had disk, ya kama hanyar mutuwa. Fomatin ba ya gyara ƙarfen da ya lalace. Abin da zai yi shi ne ya share taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake, sannan sabuwar Windows ta zauna a kan wuraren da kundinki da hotunan Baba suke. Kwamfutar za ta yi kamar ta warke na 'yan kwanaki, ciwon ya dawo, kayan kuma sun riga sun tafi. Bairos ma ba shi ba ne. Bairos yana sa kwamfuta nauyi, amma ba ya sa ta ƙas-ƙas, kuma rubutun da kike gani yana fitowa tun kafin Windows ta tashi. Faifan ne da kansa yake ba da rahoton rashin lafiyarsa, ta tsarin duba kai da ake kira SMART.

Daga yau ki kashe ta, ki hana kowa kunnawa, har sai ranar da kika shirya kwashe kayanki. Ɗakin da bangonsa ya tsage da damina, kaya ake fara fitarwa kafin a nemo magini. Faifan nan yana da sauran awanni na aiki da ba wanda ya san adadinsu, kuma kowace kunnawa tana cin wani abu daga ciki.

Ga dalili. A cikin had disk akwai faranti ɗaya ko biyu masu juyawa, a yawancin laftof sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa. Wata 'yar allura a kan hannu mai kai da kawowa ita ke karantawa da rubutawa, tana shawagi a saman farantin ba tare da ta taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi kaurin gashin mutum ƙanƙanta sau dubbai. Idan kwamfuta ta faɗi tana kunne, allurar kan daki farantin, ta kankare wani wuri, ita ma ta ji rauni. Garin da ya kankaru yana nan cikin akwatin yana yawo, yana jawo wani sabon kankarewar. Shi ya sa irin wannan lalacewa take yaɗuwa. An raba farantin zuwa ƙananan gurabe miliyoyi. Idan gurbi ya ƙi karantuwa, faifan yakan sake gwadawa, ya sake, Windows tana jira, shi ne sandarewar da kike gani. Ƙas-ƙas ɗin kuma hannun allurar ne yake komawa mazauninsa ya sake fitowa neman inda ya ɓace masa.

Kan maganar yaro, ki sassauta masa. Faɗuwar tana iya zama sanadi, amma laftof ta hannu takan zo da faifan da ya riga ya yi shekaru yana aiki a wani ofis, sannan mutuwar batir tana nufin duk ɗaukewar wuta faifan yana tsayawa ne ba shiri, sau da yawa yana tsakiyar rubutu. Abubuwa ne suka taru.

Kafin ki taɓa kwamfutar, ki fara neman kayanki a wuraren da ba sa buƙatar ta. Ki duba akwatin wasiƙun da kika aika a imel ɗinki, ko kin taɓa tura wa malamin da ke duba aikinki babi-babi. Ki duba WhatsApp, sashen takardu na hirarki da shi da abokan karatu. Ki duba filashin da kike kaiwa a buga miki takarda. Hotunan Baba kuwa ki tambayi 'yan uwa, ki duba tsohuwar wayarki da katin memorinta da Google Photos. Duk abin da kika samu a nan ya rage wa faifan wahala. Sauran ki rubuta su a takarda bisa muhimmanci, da sunan foldar da kowanne yake. Kundi da sakamakon ɗalibai su ne na farko, don ƙanana ne, duka da wuya su kai megabait 100, cikin minti ɗaya ko biyu za su fita. Hotuna na biyu. Bidiyo na ƙarshe, don shi ne mai nauyi, shi ya fi ratsa gurabe masu yawa. Fina-finai da waƙoƙi da manhajoji a bar su, ana samun su a wani wuri.

Akwai abu ɗaya da za ki tabbatar tun kafin a cire faifan. Wasu kwamfutocin suna kulle faifansu da BitLocker, alamarsa ɗan kwaɗo a jikin hoton faifan C. Idan taki haka take, faifan ba zai buɗe a wata kwamfuta ba sai da mabuɗi mai lambobi 48. Yawanci yana ajiye a asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi, kuma za ki iya dubawa daga wayarki a aka.ms/myrecoverykey. Ki kwafe shi a takarda.

Yanzu kayan aiki. Kina buƙatar wurin zuba kaya: filashi mai gigabait 64 ko 128 idan kayan ba su da yawa, ko had disk na waje mai terabait 1 idan bidiyon yana da yawa. Ki saya a wurin da za su ba ki rasit, domin kasuwa cike take da filashin jabu wanda aka rubuta masa 128 alhali cikinsa 8 ne. Irinsa yana karɓar kaya ba musu, sai ranar buɗewa a tarar da fayilolin fanko. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika filashin da bayanai ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada shi a wata kwamfuta kafin ranar aiki. Kina kuma buƙatar wayar da ke haɗa faifan SATA, wato irin bakin jonawar da faifan yake da shi, da USB, ko ɗan akwatin da ake saka faifan laftof a ciki, masu sayar da kayan kwamfuta sun san su. Faifan laftof mai inci 2.5 ne, wutar USB ta ishe shi. Na babbar kwamfutar tebur mai inci 3.5 shi ne ke buƙatar cajarsa daban mai bolt 12. Na ƙarshe, wata laftof mai lafiya da batir mai riƙe caji. Wannan ba abin wasa ba ne: kada a yi aikin ceto a kan wutar da za ta iya ɗaukewa a tsakiya.

Hanyar da muka fi so ita ce a cire faifan a jona shi a waccan kwamfutar. Dalili kuwa, idan Windows ta tashi daga faifai mai ciwo, tana karanta dubban fayiloli tana rubuta wasu kafin ma ki ga fuskar farko, ga sabuntawa da manhajar tsaro suna ta bincike a bayan fage. Ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen fito da kundinki sai ya ƙare a nan. Cirewar a tsofaffin laftof ba wuya: a kashe, a zare caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 15, a kwance notin murfin ƙasa, a zame faifan a hankali daga bakinsa. Idan irin wadda sai an ɓalle bayanta gaba ɗaya ce, ko faifan yana haɗe da siririyar waya mai kama da zirin leda, a bar wa mai gyara ya cire a gabanki, wayar nan saurin yagewa gare ta. Aikin minti goma ne, ki karɓi faifanki ki sa a jaka ki taho da shi.

Idan kin jona shi, ki ajiye shi a kwance a kan tebur, kada a motsa shi yana juyawa. Windows na iya fito da ɗayan saƙo biyu. Ɗaya yana cewa “You need to format the disk before you can use it”, ɗaya yana ba da shawarar “Scan and fix”. Duka biyun ki ƙi. Idan faifan ya buɗe, kayanki suna cikin foldar Users, a ƙarƙashin sunan da kike shiga kwamfutar da shi: Desktop, Documents, Pictures, Videos, Downloads. Kada ki manta da Downloads, nan abubuwan imel suke sauka. Idan an raba faifan gida biyu, ki duba ɓangare na biyun ma.

Ki yi kwafi (Copy), kada ki yi yanka (Cut). Yanka yana goge na asali, gogewa kuma rubutu ne a kan faifan. Ki riƙa ɗauka folda ɗaya-ɗaya bisa jerin takardarki. Idan aikin ya tsaya a kan wani fayil ya nuna “Data error, cyclic redundancy check”, ki tsallake shi ki rubuta sunansa, kada ki yi ta maimaitawa. Nacewa a kan gurbin da ya lalace shi ya fi komai gajiyar da allura, kuma kina iya rasa fayil dubu masu lafiya saboda guda ɗaya. Ki riƙa taɓa faifan da bayan hannu. In ya yi zafin da ba za ki iya barin hannu a kai ba, ki cire shi ta hanyar da ta dace ya huce rabin awa, ki sa masa fanka.

Idan ƙanin maigidan ya saba da rubuta umarni, akwai hanyar da ta fi ja da linzami sauƙi ga faifan. Ya buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ya rubuta kamar haka, idan faifan mai ciwo E ne, wurin zubawa kuma F:

robocopy E:\Users\Suna\Documents F:\Ceto\Documents /E /XJ /R:0 /W:0

Ya sa ainihin sunan foldarki a madadin Suna. Amfanin /R:0 shi ne ya hana maimaitawa. In ba a sa shi ba, robocopy zai iya sake gwada fayil ɗaya har sau miliyan, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Wannan hanya tana kuma kauce wa wani tarko: idan aka buɗe foldar Users da linzami, Windows takan ce ba ki da izini, ki danna Continue, daga nan ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana canza musu izini. A faifai mai ciwo wannan rubutu ne mai yawa ba gaira ba dalili.

In babu wata laftof, sai a tashi taki daga filashi. A wata kwamfuta, a sauke Ubuntu, wata manhaja da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a ɗora ta a filashi mai gigabait 8 ko fiye da manhajar Rufus. A soka shi a kwamfutarki, a kunna ana danna maɓallin zaɓen abin tashi, F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo. A zaɓi “Try Ubuntu”. A kula sosai a nan, kada a zaɓi “Install”, don shi ne zai goge faifan. Ubuntu za ta yi aiki daga filashin, faifanki ya bayyana a gefe, a kwashe zuwa filashi na biyu.

Duk wannan idan faifan yana buɗewa ne. Akwai alamun da in kin gan su sai a tsaya. Idan ƙas-ƙas ɗin ya zama ba ƙaƙƙautawa tun daga jonawa, ko kin ji ƙarar gurza, ko ɗan kuka siriri kamar injin yana son juyawa ya kasa, ko kwamfutar ba ta ga faifan kwata-kwata, ko ta nuna girmansa sifili, a zare shi nan take. Allurar ta mutu ko ta manne, kuma babu manhajar da ke gyara wannan. Aikin masu ceto bayanai ne, waɗanda ke buɗe faifai a wuri mai tace iska su canza allurar da ta wani faifai irinsa sak. Ana samun su a manyan birane irin su Legas da Abuja, kuɗinsu kuma yakan fi kuɗin laftof ɗin. Ki nemi su fara dubawa su faɗi farashi, su nuna miki jerin fayilolin da suka samo kafin ki biya cikon.

Tsakanin waɗannan biyun akwai hali na uku, wanda muke zaton shi ne naki idan kwafin ya yi ta tsayawa: faifan yana nan, amma gurabe da yawa sun lalace. Maganinsa a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, gurbi-gurbi, zuwa wani faifai mai lafiya wanda girmansa ya kai na asalin ko ya fi. Manhajar ddrescue aka yi domin wannan, kyauta ce, a Ubuntu sunan ƙunshinta gddrescue. Hikimarta ita ce tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, tana tsallake masu wuya, tana rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil, sai daga baya ta dawo kan masu wuyar. Zagayen farko da alamar -n ake yi don kada ta nace a kan masu wuya, na biyu da -r3 don ta gwada wuraren da suka ƙi sau uku kawai. Yakan ɗauki awanni, wani lokaci kwana biyu. Haɗarinsa ɗaya ne kuma babba: idan aka juya sunan faifan asali da na zubawa, fankon zai hau kan kayanki. A duba da umarnin lsblk, a tabbatar da girma da sunan kowanne kafin a danna. Idan an gama, a ajiye na asalin, duk wani bincike da manhajojin nemo fayiloli irin su TestDisk ko PhotoRec a yi shi a kan kwafin. Wannan ma ma'auni ne na mai gyara. Ki tambaye shi ko zai fara ɗaukar hoton faifan kafin komai. Wanda ya gane tambayar, ya san aikin. Wanda ya sake kawo maganar fomatin, ki gode masa ki nemi wani.

Za ki ji shawarwari iri-iri, bari mu ambaci waɗanda suka fi ɓarna. Na farko chkdsk. Umarni ne mai amfani idan faifai lafiyarsa ƙalau, ɗaukewar wuta ce kawai ta hargitsa taswirar fayiloli. Amma chkdsk /r yana bin kowane gurbi na faifan tsawon awanni, yana nacewa a kan masu ciwo, kuma burinsa taswira ta daidaita ko da zai yanke fayilolin da bai gane ba. A faifai mai ƙas-ƙas yana iya zama aikinsa na ƙarshe. Idan kwamfutar ta fara shi da kanta wajen tashi, tana ba da 'yan daƙiƙu a danna maɓalli a tsallake, ki tsallake. Haka manhajojin da ake cewa suna warkar da gurabe, da masu jera fayiloli don ƙara sauri. Sa faifai a firiza yana tara raɓa a kan farantin. Bubbuga shi yana ƙara kankarewa. Buɗe murfinsa a shago, balle da ƙurar hunturu, yana gama da shi, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma nesa ba kusa ba. Canza masa allon lantarkin baya da na wani faifai ma ba ya aiki haka kawai a faifan zamani, don kowanne yana da bayanan saitinsa a wani ɗan guntu da sai an ciro an mayar a sabon allon. Kuma ciwon naki ba a allon yake ba.

Bayan kayanki sun fita, sannan za ki iya duba lafiyar faifan don ki gani da idonki. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanta rahoton SMART: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja mutuwa. Layukan da suka fi muhimmanci su ne 05, adadin guraben da suka mutu aka maye gurbinsu, da C5, waɗanda suka ƙi karantuwa ana jiran hukuncinsu, da C6, waɗanda suka gagara. A faifai mai lafiya duka ukun sifili ne a ginshiƙin ƙarshe. Layin C7 daban yake: in shi kaɗai ke hawa, yawanci waya ce ko bakin jonawa, faifan ba shi da laifi. Layin 09 awannin da faifan ya yi yana aiki ne, kuma shekara guda cur awa 8,760 ce, sai ki lissafa. A 2007 injiniyoyin Google sun wallafa bincike kan faifai sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya fara maye gurbi ko da sau ɗaya, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta sauran fiye da sau 14. Sun kuma gano cewa kusan kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Wato gargaɗinsa abin gaskatawa ne, shirunsa kuma ba shaidar lafiya ba ne. Ba ki faɗi kamfanin laftof ɗin ba. In HP ce, lambar 301 a wancan rubutu ita ce gargaɗin SMART, 3F0 kuma ba ta ga abin tashi ba. In Dell ce, 2000-0142 faifan ya faɗi gwajin kansa.

Wannan faifan ba za a sake amfani da shi ba, ko da ya yi shiru ya koma kamar lafiya. Laftof ɗin kuwa, ban da batirin, ba abin da ya same ta. Ki saya mata SSD, wato faifan zamani da ke maye gurbin had disk, irin SATA mai inci 2.5, gigabait 256 ya ishi aikin makaranta, 512 in kina ajiye bidiyo. Bakinsu ɗaya da tsohon, wurin noti huɗun ma ɗaya. SSD ba ta da faranti ko allura, faɗuwa daga gado ba ta cika yi mata komai ba, kuma tana karatu wajen megabait 500 a daƙiƙa inda tsohon ke yin 100. Kwamfutar da kike jira ki dawo daga kicin za ta buɗe cikin ƙasa da minti. Ki sa a gwada SSD ɗin da CrystalDiskInfo a gabanki: sabuwa awanninta ba sa wuce 'yan kaɗan. Kada ki yarda a sa miki wani had disk na hannu don araha, komawa gidan jiya ne.

A ɗora Windows sabuwa daga filashi mai gigabait 8 da aka haɗa da manhajar Microsoft ta Media Creation Tool. Kada a kwafo tsohuwar daga faifai mai ciwo, da raunukanta za ta zo. Idan Windows ɗin da ke kai mai lasisi ce, lasisin yana ɗaure da babban allon lantarkin da ke cikin kwamfutar, zai dawo da kansa da an shiga intanet, muddin iri ɗaya aka ɗora, Home ko Pro. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka in laftof ɗin ta cika sharuɗɗan Windows 11, wato tana da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin Intel na zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa, ita za a ɗora.

Ki sayi batir a tafiya ɗaya. SSD ma ba ta son wuta ta ɗauke tana rubutu, kuma lokacin sauyawa tsakanin wutar gari da inji shi ya fi haɗari. Ki daina ɗora laftof a kan katifa ko filo, suna toshe ramukan iska, ki sa ta a kan tebur ko faffaɗan katako. A buɗe a share fankarta sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya fi dacewa.

SSD tana da nata hali da ya kamata ki sani: ba ta yin ƙara kafin ta mutu, sau da yawa ɗaukewa take yi lokaci ɗaya, kuma abin da aka goge a cikinta da wuya ya dawo. Don haka kundin nan ya zauna a wuri uku: a kwamfutar, a filashi ko faifan waje da ake cirewa a ajiye a durowa, da kuma intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive 5. Ko ba ki yi komai ba, duk daren da kika yi rubutu ki tura wa kanki fayil ɗin ta imel da kwanan wata a sunansa. Hotunan Baba ki raba wa 'yan uwa biyu ko uku kwafi, ki wanke waɗanda kika fi so a takarda.

Damuwarki kan hotunan cikin gida tana kan hanya, kuma tsarin da muka faɗa ya riga ya magance yawancinta. Mai gyara ba ya buƙatar tsohon faifan don ya sa SSD ya ɗora Windows. A cire shi a gabanki, ki taho da shi gida, a bar masa laftof ɗin ba komai a ciki. Kalmar sirrin shiga Windows ba ta kare komai idan aka jona faifan a wata kwamfuta, kada ki dogara da ita. In dole sai an yi ceton a shago, ki je da maigida ko ɗan uwanki, ku zauna a yi a gabanku, a zuba kai tsaye a faifan da kuka zo da shi ba a kwamfutar shagon ba. In aikin na kwana ne, ki zaɓi wanda mutanen da kika yarda da su suka san amanarsa, sannan ki canza kalmomin sirrin imel da na banki da burauzarki ta ajiye.

Tsohon faifan kada ki bar shi a shago, kada ki sayar wa 'yan gwangwan. Ki naɗe shi ki ajiye a busasshen wuri har sai kin buɗe fayilolin da aka ceto kin tabbatar suna aiki: ki karanta kowane babi har ƙarshensa, ki buɗe hotunan da girmansu, ki kalli bidiyon daga farko da tsakiya da ƙarshe, domin fayil yana iya nuna sunansa da girmansa daidai alhali cikinsa ya lalace. Idan komai ya cika kuma kwafi ya kai wuri uku, sai a huda faifan da injin huda a wurare uku ko huɗu ta kan farantin, ko a naɗe shi a tsumma a daka da guduma. Farantin faifan laftof sau da yawa na gilashi ne, yana tarwatsewa, don haka a yi nesa da yara a kuma kare ido.